Dabaibayin Layi da Bijimin Baba Ilu

Duk cikin ranakun da na yi a shagon Anti Larai, wadda ta ƙi fita daga kaina ita ce Juma'ar da bijimin Baba Ilu ya kusa rasa mota saboda ni. Anti ce ta ce in rubuta muku labarin, ku da kuka fara aiki wannan hutun, don ku ɗauki darasi. Na tambaye ta ko zan iya cire sunana. Ta ce ai sunan nawa shi ne darasin.

Ga yadda shagon yake, don wanda bai sani ba. Muna Sabon Gari, nan Wudil. Muna buga takardu, muna cike fom, muna kuma tura wa mutane saƙon da wayarsu ta gaza turawa. Anti Larai ƙanwar mahaifiyata ce, ita ce Darakta. Ni kuma Sauda, lokacin ina da shekara goma sha shida, ni ce Shugabar Sashen Tura Saƙonni. Sashen yana da ma'aikaciya ɗaya da kujerar roba mai ƙafa uku da rabi.

Babban kayan aikinmu wata 'yar farar na'ura ce da ke rataye a ƙusa kusa da taga. Sunanta rauta, akwai sim a cikinta, ita ke raba intanet ga duk shagon. Duk wata Anti tana saka mata data irin wadda kamfani ke kira mara iyaka. Ni dai na yarda da su, don a gida an koya mana kada mu ƙaryata manya.

Yardar ta kai ni ga fara kallon wani fim mai dogon zango duk lokacin da Anti ta shiga gida cin abinci da sallar azahar. Labarin wata mata ce da ta faɗo daga bene a kashi na uku, ba ta iso ƙasa ba sai a kashi na tara. Cikin mako biyu na kalli kashi arba'in da ɗaya. A ganina taimakon Anti nake yi, kada abu mara iyaka ya zauna haka ba mai taɓawa.

Juma'ar da nake magana, saura mako biyu Babbar Sallah. Kara ta cika ta batse da shanu, tireloli sun yi layi, kowane dillali waya biyu a hannu, ɗaya a aljihu. A irin wannan rana za ka ga sandunan sabis sun cika taf a fuskar waya, amma in ka tura wa mutum sallama sai Asabar zai amsa maka.

Wajen sha ɗaya da rabi wani dattijo ya shigo. Ya gaishe da Anti, ya tambayi gida, ya tambayi yara, da gajiya, da zafi, da kasuwa, har injin buga takarda da ke ta ƙara sai da ya yi masa sannu. Da aka gama duk wannan ya ce ai sauri yake yi.

Baba Ilu ne daga Dagumawa. Shekara biyu yana kiwon wani farin bijimi a turke. Dillalinsa, Sabo, ya samo mai saye, wani mahauci a Legas, amma mutumin ya ce ba zai amsa ba sai ya ga san yana tafiya, ya ga haƙoransa, ya ga tozo. Haka ake yi yanzu: a ɗauki bidiyo a tura, in mai saye ya ce to, a ɗora a mota. Sabo ya ɗauki bidiyon da wayar Baba, sun yi ta fama a kara ya ƙi tafiya, shi ne aka kwatanta masa shagonmu. Tirelar da ke da sauran gurbi ɗaya ce, kuma da an sallame Juma'a za ta tashi. In bidiyon bai je ba, Baba Ilu zai koma Dagumawa a ƙafa da bijiminsa, ga dusa ta ƙare, ga shi jiya ya zaga da shi gida-gida maƙwabta sun yi ban kwana da shi. Wannan na ƙarshen ya fi damunsa.

Bidiyon minti bakwai ne. Minti biyu bijimi ne, minti biyar Baba ne tsaye a gefensa yana ba da tarihin uwar bijimin da kakarsa. Na ba da shawarar a rage jawabin don abin ya yi sauƙi. Ya ce mutum ba ya sayen abin da bai san asalinsa ba.

Ƙa'idar aiki ba ta da wuya. Ka haɗa wayar mai saƙo da rautarmu, ka danna tura, ka zuba wa 'yar da'irar nan ido da fuskar ƙwararru. Na yi duka ukun. Da'ira ta yi ta juyawa. Bayan minti goma abin da ta ci bai kai tsinin allura ba.

Nan na sanar da cewa cunkoso ne, kuma na san maganinsa. Wannan gaskiya ne, ku ma ku riƙe. Sabis hawa-hawa ne. 4G shi ne sabo, kamar kwalta, ya fi gudu, kuma kowace waya can take rugawa da kanta. 3G tsohuwar hanya ce, ba ta kai shi gudu ba, amma ran kasuwa sau da yawa ba kowa a kanta. 2G kuwa burtali ne, kira yana bi lafiya lau, bidiyo dai kada ka ɗora masa. Na buɗe kwamfuta na sauke rautarmu daga 4G zuwa 3G, na jingina da kujera ina jiran godiya.

Ba abin da ya canza. Na kashe na kunna. Na mayar da ita 4G, na sake saukewa. Na cire ta daga ƙusa na fita ƙofar shago na ɗora ta a ka, har wani ɗan acaɓa ya tsaya ya tambaye ni me nake sayarwa.

Anti ta miƙo hannu. Ta karɓi rautar, ta zare sim ɗin, ta sa a 'yar wayarta mai tocila. Saƙon kamfani na nan tun ranar Laraba, ba wanda ya gani, don ba mai leƙa saƙonnin rauta. Ta karanta a zuciyarta, ta sake karantawa, sannan ta yi wa Baba bayani. Ta ce ba a yanke layin ba, data tana nan, amma ashe mara iyakar tana da kaso na gudu. In ka cinye kason sai su rage maka gudu har wata ya zagayo, kuma ko 4G ka hau ko 3G, duk ɗaya ne.

"To ai dabaibayi suka yi muku, Hajiya," in ji Baba. "Dabbar da aka ɗaure wa ƙafa, ko kan kwalta ka ɗora ta ko kan burtali, takunta ɗaya ne. Amma fa ba a yi wa dabba dabaibayi haka kawai. Sai wadda ta cika shiga gonar mutane."

Anti ta juyo ta dube ni. Ni kuma na dubi kalanda, kamar akwai wata ranar da nake nema.

"Sauda, kashi nawa kika kalla?"

"Anti, matar ce ba ta sauko da wuri ba."

"Kashi nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

Ashe ta daɗe tana jin ina rera kiɗan farkon fim ɗin in ina shara. Ta ce za mu yi wannan magana bayan bijimi ya hau mota, in kuma bai hau ba, ni zan raka shi Dagumawa. Wakilin da ke sabunta mana layi ya riga ya rufe ya tafi masallaci. Daidai nan aka yi kiran sallah na farko.

Tsoro yana buɗe ƙwaƙwalwa. Na duba layin Baba da kansa, sai na ga data jibge, ko taɓa ta ba a yi ba. Ɗansa Auwalu, malamin makaranta a Kano, shi ke saka masa duk wata, shi kuwa muryar jikoki kawai yake saurara da ita. Layinsa ba dabaibayi, cunkoso ne kawai ya riƙe shi. Maganin da ya ƙi yi wa rautarmu aiki, shi zai yi masa.

Dokar shago ita ce ba a taɓa setin wayar mutum sai da izininsa. Na ce, Baba, zan sauke ka daga huɗu zuwa uku.

"A sauke ni? Auwalu da bakinsa ya ce mini wannan waya mai huɗu ce, ba ta sama da ita a Dagumawa. Na zo da huɗu ki mayar da ni uku, 'yar nan? Me na yi miki?"

Na ce na ɗan lokaci ne. Ya ce haka aka ce wa ƙaninsa da aka karɓi kekensa aro. Anti ta sa baki, ya ce yana ganin girmanta, amma shi bai taɓa jin inda aka rage wa mutum abu ya ƙaru ba. Agogo na tafiya, mutane na wucewa ta ƙofar shago da darduma a kafaɗa.

Sai na tambaye shi ta ina ya biyo da bijimin da safe, ta kwalta? Ya ce ina, wa zai hau kwalta ran Juma'a da sa, motoci sun cushe tun asuba. Ta tsohuwar hanya ya biyo, ta bayan gonaki, ya ma riga waɗanda suka hau mota isowa.

Na nuna masa wayarsa. Ya shafa gemu, ya dubi wayar kamar zai nemi gafararta.

"Sauke ni uku. Amma kada Auwalu ya ji."

Ga yadda ake yi. Ka shiga setin, ka nemi wajen sim da sabis, ka shiga nau'in netwok, ka zaɓi 3G kaɗai. Kada ka bar shi a kan zaɓi da kanka, don wayar kwaɗayayya ce, da ta hango 4G za ta koma cikin cunkoson. Na cire wayar daga rautarmu, na kunna datarta, alamar sama ta koma H, wato 3G, na danna tura. Da'ira ta motsa. Ba gudu take ba, tafiyar dattijo take yi, amma tana ci gaba.

Ta kai rabi Baba ya miƙe, ya ce ba zai rasa Juma'a saboda sa ba, ko da wannan san ne. Ya bar mana wayar, ya ce in mutumin Legas ya amince mu kira Sabo, lambarsa na ciki.

Ana cikin huɗuba bidiyon ya tafi. Bayan minti bakwai cif saƙon murya ya shigo, abin da ya nuna mutumin ya kalli jawabin har ƙarshe. Ya ce a ɗora, kuma a gaya wa tsoho ya ji tarihin uwar, Allah ya jiƙanta.

Saura Sabo. Muka jira aka sallame, na kira shi da wayar Baba. Ya ƙi shiga. Duk Wudil ta kunna waya a lokaci guda. Na kira sau shida, wayar tana cewa in sake gwadawa, kamar tirela za ta jira ni.

"Sauke shi biyu," in ji Anti.

"Anti, uku ma da ƙyar ya yarda."

"Yana masallaci. Ba zai yi fushi a can ba."

Na sauke Baba Ilu zuwa 2G ba da saninsa ba, alamar ta koma E. Kira ɗaya ya shiga. Sabo ya ɗauka yana haki, ina jin ƙarar inji a bayansa. Ya ce direba ya riga ya tayar da mota, bari ya ruga. Bijimin Baba shi ne na ƙarshe da aka ɗora, kuma an ce har ya waiwayo, amma wannan Sabo ne ya faɗa.

Bayan la'asar Baba ya dawo karɓar wayarsa. Na gaya masa gaskiya, cewa yana sallah na kai shi har biyu, amma yanzu zan mayar masa da huɗunsa. Ya ce a'a, in bar shi a uku. Na yi masa bayanin cewa a sauran ranaku, huɗun ta fi gudu nesa ba kusa ba. Ya ce shi ai ran Juma'a kawai yake shigowa Wudil, kuma ba ya barin hanyar da ta kai shi gida don wadda ta yi masa alkawari. Har yau yana uku. Auwalu bai sani ba, kuma kada ya ji daga bakinku.

Abin da na koya ke nan. In saƙo ya ƙi tafiya, kafin ku ɗora rauta a ka, ku gane wace cuta ce. In kun sauka 3G ya motsa, cunkoso ne. In kun bi kowace hanya yana rarrafe alhali layin wani yana tafiya, dabaibayi ne, sai ku zare sim ku karanta saƙon kamfani, sannan ku tambayi kanku wa ya shiga gona. Mutanenmu kuma ba sa son jin an rage musu lamba, ko da ragewar ce za ta fisshe su. Kada ku yi musu gardama, ku tambaye su hanyar da suka biyo da safe.

Ni kuwa Anti ba ta kore ni ba, ba ta ma rage mini muƙami ba. Ta dai canza lambar sirrin rauta, ta jawo kujerata kusa da tata. Ina nan, ina aiki, sandunana a cike, takuna dai ƙanana ne. A ƙarshen kashi na arba'in da ɗaya matar nan ta sake hawa bene. Har yau ban san ko ta iso ƙasa ba.