Hoto Guda da Baba Ya Yarda a Ɗauka

A kasuwar Dembe na sayi kyamarar, 'yar gwanjo, jikinta duk ƙarzuna amma lafiyarta lau. Dalilina kuwa, a unguwarmu in ana biki ko suna mata ba sa sakin jiki da mai hoto namiji, kowacce sai jan lafaya take tana rufe fuska. Na ce to ni mace ce, me zai hana?

Sai dai a samanta akwai wani ɗan faifai mai juyawa, an jera masa alamu: wata koriya, sai P, S, A da M. Ni ɗinki na iya, ban san kansu ba. Inna ta ce in je wurin Kawu, yayanta, wanda ya daɗe da shagon hoto a bayan babbar kasuwa, Grand Marché, tun zamanin fim, har wayoyi suka zo suka rufe masa shi.

Kawu mutum ne da ko gaisuwa ya amsa sai ka ji kamar ya zage ka. Ya karɓi kyamarar, ya jujjuya ta, ya taɓe baki.

"A kan kore kika sa ta? Wannan ai na ragwaye ne. Ita ke yin komai, ko akuya aka ba sai ta ɗauka."

"To P fa, Kawu?"

"Shi ma ragon ne, hula kawai ya ƙara."

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya bayani. Ya ce kyamara ido ce: akwai yadda take buɗewa, akwai saurin ƙiftawarta. A kan S ni zan zaɓi saurin, ita ta zaɓi buɗewar. A kan A ni zan zaɓi buɗewar, ita ta ji da saurin. A kan M duka biyun suna hannuna, in na ɓata babu mai gyara mini.

"Kuma a gidan nan M kawai ake yi," in ji shi.

Sannan ya ɗauko baƙin salatif ya liƙe gilashin baya, inda ake ganin abin da aka ɗauka. Wai a zamaninsu wa ke leƙe? Sai ranar Juma'a yake ɓare shi ya duba aikina na mako. Yana dubawa yana ƙyaƙyata dariya, har abokansa na shan shayi yake kira. "Ku zo ku ga tela ta ɗinka duhu!" Ni da girmana, da 'ya'yana, sai in tsaya ina haɗiye baƙin ciki. Amma ina komawa, don ina ganin hannuna yana faɗawa.

A shekarar ne Baba ya samu kujerar Makka. Kakan Baba da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, ya tsaya a garin nan namu da ke kan hanyar gabas ya huta, hutun nan shi ya zama mu. Tun daga shi babu wanda ya ƙarasa tafiyar a gidanmu sai Baba.

Baba kuwa ba ya hoto. Na fasfo ma dole ce ta sa, kuma yana manne a fasfon. In jikoki suka ɗaga waya, kallo ɗaya yake musu su sauke. Na yi ta roƙonsa har Inna ta sa baki, sannan ya ce, "To, guda ɗaya. Ke kaɗai, a ƙofar gida. Kowa ya mayar da wayarsa aljihu."

Ranar tafiya tun safe ina ɗakin Inna ina ɗaukar hoton mata suna ƙulla masa dambun nama. Ɗakin da duhu, don haka na buɗe idon kyamarar har ƙarshe, na rage saurin sosai, yadda Kawu ya koya mini. Ana cikin haka aka ce mota ta iso. Gida ya rikice, wannan na kuka, waccan na neman jaka. Na fito da gudu.

Rana ta take tsaka. Baba ya tsaya a ƙofa, farar riga, farar hula, bangon ma sabon farin fenti ya sha saboda tafiyar. Akwai wata 'yar alama cikin ramin leƙawa mai nuna ko haske ya yi yawa. Ranar ko ta kanta ban bi ba, Baba nake kallo. Kawu yana tsaye daf da kafaɗata, na ga ya sunkuyo ya dubi lambobin da ke saman kyamarar.

"Kawu, ya yi?"

"Hannunki ne," ya ce.

Na danna. Baba ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Kin gama? To Allah ya yi miki albarka." Ya shiga mota.

Motar na shan kwana na sa farce na ɓare salatif ɗin, ban jira wata Juma'a ba. Wayyo Allah. Fari fat! Babu fuska, babu hula, babu bango. Can ƙasa, inda dakalin ƙofa ya yi 'yar inuwa, sai baƙaƙen takalmansa kawai. Na shige bayan gida na yi kuka na ƙoshi. Na ba kaina haƙuri da cewa in ya dawo zan sake roƙonsa, ban gaya wa kowa ba.

Bai dawo ba. Ya gama aikin hajjinsa, zazzaɓi ya kama shi, a can aka binne shi. Masu ta'aziyya suna ta cewa ya yi dace, kuma na san ya yi.

Ana zaman makoki, ɗaki cike da mata, Kawu ya shigo yi wa ƙanwarsa gaisuwa. A lokacin ne Inna ta ɗago ta ce mini, "Kawo hoton babanku in gani."

Kawu ne ya miƙa hannu ya ɗauko kyamarar daga kan keken ɗinki, ya kunna, ya nemo hoton, ya miƙa mata. Ko mamaki bai yi ba.

"Ai na san haka zai fito," ya ce. "Tun kafin ta danna na ga lambobin, na ɗaki ne ta fito da su rana."

Na ce, "Kawu, ka gani? Ka gani ka yi shiru?"

"In na gaya miki, gobe ma sai kin manta. Yanzu har ki mutu ba kya mantawa."

Ya faɗa ne hankali kwance, kamar mai faɗin farashin gero. Wallahi da ba don Inna ba, da ranar na manta yayan uwata ne. Ita kuwa hankalinta yana kan hoton. Ta ƙura wa gilashin ido, ta ɗora ɗan yatsa a kan takalman.

"Ni na goge masa su da safen ranar," ta ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar Kawu ta tabbata. Yau da hoto nake ci, daga unguwar Butalbagar har cikin gari ana kirana biki. Yawanci a kan A nake aiki, ya ji haushi in ya ga dama. Amma ban taɓa ƙetare bakin ƙofa daga inuwa zuwa rana ba tare da yatsana ya koma kan faifan nan da kansa ba. Ban sake taka gidansa ba, kuma har gobe ban yafe ba.

Da Inna ta fita takaba ta sa na wanko mata hoton, babba, aka sa masa gilashi ta rataye a ɗaki. Baƙi sukan tambaya me ya sa aka rataye farar takarda. Sai ta tashi, ta nuna musu takalman, ta ɗaga hannu sama zuwa inda fuskarsa ya kamata ta kasance.

"Malam ne," takan ce. "Ga shi nan tsaye, yana murmushi."