Zomon Keji Na Shida

Shekara goma sha tara tana kiwon zomaye a bayan ɗakin bincike, har sunanta ya ɓace, kowa Uwar Zomaye yake ce mata. Karatunta bai wuce sakandare ba, amma kallo ɗaya za ta yi wa kunnen zomo ta gaya maka yadda ya kwana.

Dakta, shugaban ɗakin, farautar wani enzayim yake yi, wanda jiki ke gina sinadarin furin da shi, ɗaya daga tubalan ƙwayar gado. Abin ba ya ganuwa. Sai an yi wa zomo allurar guntunsa, jinin zomon ya ƙera antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki mai cafke shi, sannan ya fito baƙin layi a takardar gwaji.

Wata huɗu ana ɗibar jini, takarda fara fat. Ran Dakta ya ɓaci.

"Mama, zomayenki sun gaza," in ji shi. "Zan rufe ɗakin zomayen nan, mu riƙa sayo antibodi daga waje."

In an rufe, ita ina za ta? Ta daure ta ce, "Ranka ya daɗe, jinin wa kake ɗiba?"

"Na shida mana."

"Keji na shida, ko zomo na shida?"

Shi lambar keji ya sani, ita kuwa fuska. Tun bayan allurar ƙarshe bututun ruwa ya fara ɗiga a kan kejin, ta mayar da zomon lungu, ta sa wani mai jure sanyi a gurbinsa. Ta kuma gaya wa Dakta a baranda, ya ce "to, to" waya na manne a kunnensa. Ashe bawan Allah wata huɗu yana tatsar zomon da allura ba ta taɓa ba.

Ta ɗauko na ainihin, mai tsagaggen kunne, ta riƙe shi a cinya aka ɗibi jini. Bayan kwana biyu layi ya fito baƙi ƙirin, daidai inda ake nemansa. Daɗi ya kama ta.

Dakta ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, me zan yi miki?"

"Ka kira mai gyaran famfo," ta ce. "Kuma in ina magana, ka ajiye wayar nan."

Ya kashe wayar, ya sa a aljihu. Ba a rufe ɗakin ba.