Garin da ke cikin tulu

A Jiratawa, bayan magariba, Kaka takan ɗora tukunyar zogala bisa murhu, mu jikoki mu zagaye wutar. Hayaƙin kara na shiga mana ido, ba mai matsawa. Takan fara tatsuniya da cewa, "Ga ta ta iso, ku ba ta wuri ta zauna." Ni kuma ta zungure ni da muciya: "Ke mai barcin kaji, yau ma rabi za ki ji."

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana. Wata yarinya ta leƙa tulun uwarta don ta ɗebo wa ƙanenta ruwa, sai ta faɗa ciki. Ta tarar da gari irin nasu sak, har da rijiya. Amma can, in ka miƙa hannu ga ruwa, toka kake ɗaukowa. In ka nufi ƙofa, bango kake dafawa. Ƙanenta na waje yana kukan ƙishi, tana jin shi.

Sai in ce, "Kaka, hannunta ne ya lalace?"

"Hannunta lahiya lau, ɗiyata. Garin ne bai san shi ba."

Nan nake barci kullum. Ban taɓa jin yadda ta fito ba, har Kaka ta rasu.

Bara, da damina, zazzaɓi ya kama Rakiya, ɗiyata ta fari, tafin hannunta ya yi fari fat. Na kai ta wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, aka ɗibi jini, aka ce sai sakamako ya fito za a san ko ƙarin jini take so. Na zauna bakin ƙofar ɗakin awo, tana kwance a cinyata, ina kallon mai awon yana buga ordinatar, kwamfuta ke nan. Ya buga, ya tsaya, ya sake. Sai ɗige-ɗige baƙaƙe a layi, sannan ta ƙi buɗewa.

"Likita, lafiya?"

"Madam, ki yi haƙuri. Na'urar awon tsohuwa ce, sai aka sa mata wata ordinatar cikin wannan. Ta cikin ce ba ta karɓar kod ɗina, lambar sirrin da nake buɗe ta da ita."

"Mantawa ka yi?"

"Kod ɗin da nake bugawa kullum? Ko cikin barci sai in buga shi."

Ya kashe, ya kunna. Ya cire kilabiye, allon haruffan nan, ya hura, ya ari na maƙwabta. Duk ɗaya. Ya buɗe wani wuri inda rubutu ke bayyana, ya danna harafi guda, wani ya fito. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na ga yatsansa na sauka daidai. Rakiya ta ce ruwa, na ba ta, ta kasa haɗiya. Na yi ta lalube cikin kaina: me yarinyar tulun nan ta yi ta fito? Ban samu komi ba sai hayaƙi da muryar Kaka tana nisa.

Wajen la'asar wanda ya haɗa na'urar, da aka yi ta kira, ya ɗauki waya, daga Tibiri, wurin biki. Ya ce ta cikin ta koma ɗaukar kilabiyen Faransi kamar na Ingilishi. Ya faɗi inda za a danna, aka danna, ta buɗe. Sakamako ya nuna jinin Rakiya ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙanen mijina ya ba ta nasa.

Da ina zaton ƙarshen tatsuniyar wata dabara ce da barci ya hana ni, wadda da na ji ta da na san abin yi. Yanzu ban da tabbas. Ina yi wa Rakiya ita a bakin gawayi, in na kai wurin tokar sai ta ce, "Mama, sai me?"

Sai in ce, "Sai ta zauna tana jin kukan ƙanenta, har wani daga waje ya amsa."