Tauraruwar da ta Faɗa Rijiya

A gidanmu na Zango, idan sanyi ya shigo, ba a wankan safe. Da an sallame Magariba, Kaka Falmata, mahaifiyar babana, za ta ɗora wata babbar tukunyar ƙarfe a kan murhu a tsakar gida, ta cika ta da ruwan da ƴan garuwa suka kawo, ta zauna a ƴar kujerarta da moɗa a hannu. Mu jikokinta shida muna kewaye da wutar, kowa da bokitinsa. Har yau in na rufe ido ina ganin tururin nan yana tashi, kamar wasu fararen tsuntsaye ne ke barin gidan ɗaya bayan ɗaya.

Dokar tukunyar ɗaya ce. Wanda layi ya zo kansa, Kaka za ta ɗebar masa moɗa uku na ruwan zafi, shi kuma ya mayar da moɗa uku na mai sanyi. Daga nan ba mai sake taɓa tukunyar sai ta ce ruwa ya yi. A cikin wannan jiran take ba mu tatsuniya, guntu-guntu, kowane guntu daidai tsawon ɗumamar ruwa. Wanda ya shiga wanka yakan yi sauri don kada a ci gaba ba shi.

"Ga ta nan tafe, ƙafafunta sun yi sanyi," in ji Kaka.

"Ta matso kusa da wuta!" mu amsa baki ɗaya.

Ni kuwa idona yana sama wurin taurari. Sai ta taɓa ni da gindin moɗa. "Mairo, sauko. Wadda kike nema ba ta can, tana cikin rijiya."

Wai wata ƙaramar tauraruwa ce ta hango fuskarta a wata rijiya da ke tsakanin duwatsun Damagaram. Ta sunkuya, ta ƙara sunkuyawa, har ta faɗa ciki. Ba ta mutu ba. Ta kwanta a ƙasan ruwan tana numfashi, numfashinta yana ɗumama shi. Kusa da rijiyar akwai wata tsohuwa da ƴaƴanta mata bakwai, sun kuma gane halin tauraruwar: guga ɗaya take iya ɗumamawa, sai a bar ta ta huta. Ƴan matan kan ja ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar ta zo a ƙarshe.

Ran nan aka yi biki a wani ƙauye, kalangu yana ta kira, kowace tana son ta riga ƴar'uwarta shiri. Sai suka zura guga bakwai a tare. Ruwan ya hautsine, sanyin ƙasa ya taso, tauraruwar ta firgita ta dusashe, ta zama kamar tsakuwa. Ƴan matan suka yi wanka da ruwan da ba zafi ba sanyi, suka tafi bikinsu. Tsohuwa ta zo ta tarar da ruwa kamar ƙanƙara.

"Sai ta yi yaya, Kaka?"

"Sai ta zauna a bakin rijiya ta yi wa tauraruwa tatsuniya, har ta manta da tsoro ta soma numfashi." Daga nan Kaka ta tsoma yatsa a tukunya, ta yarfe. "Ruwa ya yi. Wa ke bi?"

Na girma, na gama lakwal, wato makarantar boko, na yi aure, muka koma wani gidan siminti a sabuwar unguwa. Mijina Laminu ya sa aka kafa tankin ruwan zafi mai aiki da lantarki, aka ja bututu zuwa madafa da ɗakunan wanka uku. Bara da sanyi muka ɗauko Kaka ta zauna tare da mu. Gwiwoyinta sun riƙe. In ta gasa su da ruwan zafi da safe sukan saki, ta yini tana sallolinta da sujada. In ba ta gasa ba, sai dai a zaune.

Laminu ya nuna mata famfon ɗakinta. "Kaka, nan ba hayaƙi, ba jira. Murɗawa kawai za ki yi."

"Angona," in ji ta, "ka kawo ni aljanna tun ban mutu ba."

Bayan kamar mako guda na lura Kaka tana sallar Azahar a kan kujera. Na tambaye ta, ta ce tsufa ne. Na yarda, don yardar ta fi sauƙi. Wata safiya na kai mata koko, na tarar da ita zaune da tsumma a gwiwa, leɓenta yana rawa. Na tsoma hannu a bokitinta. Sanyi ƙalau. A daidai lokacin Laminu yana wanka, ƙannensa mata biyu da ke zaune wurinmu suna nasu kafin lakwal, ni kuma na baro famfon madafa yana zuba a kan kwanoni. Ɗakin Kaka ne a ƙarshen bututu.

"Haba Kaka, me ya hana ki faɗa?"

"Ku ne masu zuwa aiki a biro da karatu a lakwal. Ni ina za ni?"

Mai gyaran famfo ya zo ya duba, ya yi dariya. "Madam, ba abin da ya lalace. Wannan tukunya ce kawai aka rataye a bango. In kun buɗe huɗu a tare kun raba ta huɗu, na nesa ya tashi da mai sanyi. Ku riƙa ba ta lokaci."

Duk ƙuruciyata na ɗauka tatsuniyar nan a kan zumuɗin ƴan mata take. Ban taɓa tsayawa a kan tsohuwar ba, ban taɓa tambayar me ya sa kullum ita ce ƙarshe ba. Sai ranar na tuna ban taɓa ganin Kaka ta ɗebi moɗa ukunta ba. Kafin layi ya zo kanta itace ya cinye, mu kuma muna cikin bargo.

Na tambaye ta da yamma. "Wai a Zango, in mun gama, akwai sauran zafi a tukunyar?"

Ta kalle ni ta gefen ido. "Da ɗumin wuta a jikina nake shiga. Ya ishe ni."

Washegari na riga kowa tashi, na cika mata bokiti har tururi ya rufe madubin ɗakin, sannan na tsaya a ƙofar ɗakin wankan ƴan matan. Suka fito da tawul a kafaɗa suna ƙunƙuni, wai za su makara.

"Ku zauna," na ce. "Ruwa bai yi ba." Na yi gyaran murya, kunya tana neman kama ni. "Ga ta nan tafe, ƙafafunta sun yi sanyi."

Suka kalli juna, ba su san amsar ba. Sai daga can ƙarshen gida, cikin ƙarar ruwa, muryar Kaka ta taso.

"Ta matso kusa da wuta!"

Da Azahar na leƙa ɗakinta. An tura kujerar jikin bango, goshinta yana ƙasa.