Gado na Biyu Daga Ƙofa

Da safen nan koko ne ya fara ɓata min rai. Mijina, Malam Auwalu, ya kawo shi daga gidanmu na Barunde ba sukari, na ce masa ko a kurkuku ana tausaya wa mai jego. Ya yi dariya ya wuce makarantar da yake koyarwa. Kwana huɗu ke nan da aka yi min tiyata aka ciro ɗana. Shawara ta kama shi, aka kwantar da shi a ɗakin jarirai ƙarƙashin shuɗiyar fitila, idonsa a rufe da bandeji kamar sauran. Gado na biyu daga ƙofa. Sai lokacin ba da nono ake barinmu mu shiga.

A baranda muke zama, mu iyaye. Kusa da ni akwai Ladi, Batangaliya, bakinta ba ya hutawa kamar rediyon mai shayi. Ɗanta ya fi nawa jin jiki. Ƙarfe goma sha biyu za a canza masa jini, mijinta ya riga ya bayar. Wajen tara ta tafi karɓo sakamakon gwaji.

Tara da kwata muka ji ƙarar fashewa ta farko. Tagogi suka girgiza. Sai harbi, ba tsayawa. Wuta ta ɗauke.

"Kowa ya kwanta!" in ji Sista, mai kula da ɗakin.

Na kwanta. Siminti yana rawa a ƙarƙashin ɗinkina. Can wani ya taho da gudu yana ihu: "Sun shigo! Sun shigo asibiti!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗa ɗakin jarirai. Ba haske sosai. Na ji Sista tana cewa, "Kar a taɓa yaran!" Na ji ta sarai, tsoro ne ya fi ƙarfina. Na sunkuci na gado na biyu, na kunce zanena na sama na naɗe shi.

Ta ƙofar baya muka fita, mu da yawa. Wata a-kori-kura ta tsaya. "Ku hau!" Aka ja ni sama. Na ji ɗinkin ya buɗe, ɗumi yana bin cinyata. Hayaƙi ya rufe gefen kasuwa. Na ga mutum kwance a bakin kwalbati, kekensa a kansa. A wani shinge sojoji suka tare mu. "Hannu sama!" Hannu ɗaya na ɗaga.

Sha ɗaya saura na isa unguwar Gabukka, gidan Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyata. Ta karɓi yaron ta kwance zanen, ta cire masa bandejin ido. Na dube shi. Na sake dubawa. Na juya hannunsa, inda ake manna filasta da sunan uwa. Sunan Ladi ne a jiki.

Daga baya na ji cewa da safen Sista ta matso da shi kusa da ƙofa saboda canjin jinin, ta mayar da nawa ciki.

Sha biyu daidai rediyo ta sanar da dokar hana fita. Waya ta ƙi shiga har la'asar. Da ta shiga, Malam Auwalu ya ce ya samu Sista: ɗanmu yana nan lafiya, ba wanda ya shiga asibitin. Ya ce Ladi tana bin ɗaki ɗaki tana neman nata.

Inna ta goya yaron ta nufi titi don ta mayar da shi asibiti. Ina daga zaure na ji sojoji suna cewa: "Koma! Koma gida!" Sai harbi biyu a sama. Ta dawo ba takalmi.

Na sa shi a nono. Ya kama, ya sha. Da magariba ya ƙi. Farin idonsa ya koma kamar ƙwanduwar ƙwai. Kukansa ya zama siriri, yana banƙarewa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko a cikin motar. Bakwai saura ashirin na safe ya yi shiru a cinyata.

Da azahar aka sassauta dokar. Muka koma. Ladi tana zaune a barandar, a wurinta na kullum. Na durƙusa, na miƙa mata gawarsa. Ta karɓe shi. Ta kwance zanena daga jikinsa, ta ninke, ta miƙo min. Ta naɗe shi da nata. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Nawa ya warke, har ya shiga makaranta. Nata kwana shida ya yi a duniya. Jinin ubansa bai shiga jikinsa ba. Nonon ƙarshe da ya sha, nawa ne.