Kurket Ya Samo Mani Aiki

Jama'a, ku ji ikon Allah yau!

Na je GRA neman aikin direba wajen wani injiniya ɗan Indiya. Ina shiga gidan na ji kururuwa, matarsa na hawaye. Na ce, "Innalillahi! Yallaɓai, wa ya rasu?"

Sai ya rungume ni, ya cusa mani alewa a baki. Ya ce, "Kurket! Wasan ƙwallo da sanda! Ƙasata ta ci kofi!"

Ya miƙo makullin mota, wai in tuƙa su in yi ta danna oda. Muka zaga har Ƙofar Sauri da tuta a taga, 'yan acaɓa na bin mu da ihu, ba su ma san dalili ba!

Da muka dawo na miƙa mashi takarduna. Ya ce, "Bar su. Gobe ƙarfe bakwai ka fara."