Ƙashi Ta Ce, Wayar Ce Ba Ta da Ƙugiya

An ce wai 'yar kawuna, malamar nan da ke koyar da ilimin halittu a sakandare, ta umarci ɗalibanta kowa ya yi bayan gida a leda ya kawo mata aji. A shagona na aski na fara jin maganar, daga bakin wani da nake yi wa gyaran fuska, bai san 'yar'uwata ba ce. Kafin in gama masa saje, mai jiran layi ya ce ai har maki take bayarwa, wanda ya fi kawo mai yawa shi ne na ɗaya. Zuwa la'asar labari ya kai cewa wani kamfanin taki na ƙasar waje take aika wa ta waya.

To ku kwantar da hankalinku, ƙarya ce. Na so a ce gaskiya ne, da na samu abin tsokanarta har jikoki. Abin da ya faru bai kai haka ƙazanta ba, sai dai ya fi haka ban haushi.

Mu a gida Farfesa muke ce mata, ni na laƙa mata sunan. Tun tana 'yar mitsitsiya take da ciwon koyarwa. Sai ta tara mu a bayan ɗakin Kawu, gawayi ne allinta, tsinken tsintsiya bulalarta. Na girme ta, amma kullum ni ne a durƙushe hannu sama. Ranar da muka gudu, kaji take tarawa ta koya musu baƙaƙe. Kawu ya yi faɗan ɓata bango har ya gaji, ƙarshe ya ce tunda abin ba ya jin magani, a kai ta kwalejin malamai ta je ta ɓata nasu.

Da ta fito aka ba ta ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar fita. Na taɓa leƙa ajin. Yara sun cika har kan taga, in ɗaya ya yi atishawa sai layi guda ya motsa. Littattafan darasin ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba, su ma ɓera ya riga yara karanta rabinsu. Kafin ta gama kiran suna an buga ƙararrawa. Da wani malamin ne, sai ya rubuta abin da ya samu a allo ya kama gabansa. Ita kuwa sai ta buɗe wani abu wai shi bulog.

In ba ku san shi ba, shafi ne a intanet da take rubutu a ciki da wayarta. Abin da littafi ya faɗa da Turanci mai tsayawa a wuya, sai ta warware shi da Hausa, ta bar kalmomin jarrabawa yadda suke don a haddace. Yara su koma gida su ari wayar iyayensu su karanta. A ƙasan kowane darasi akwai wurin tambaya, wanda kunya ta hana ɗaga hannu a aji sai ya zo nan ya saki baki. Kowane mako kuma akwai rukunin yaran da za su rubuta nasu darasin, su ɗauki hoton ganye ko kyankyaso ko ƙafar fara, su yi bayani, 'yan'uwansu su yi musu ca, ita ta zo ta raba gardama. Ba na son yabonta, amma yaran da a da ba su san inda hantarsu take ba, yanzu har musu suke yi a kanta a bakin titi.

Mu dangi mu muka ji a jikinmu. Ka je gidanta gaisuwa, ka gama tambayar gajiya da yara da aiki, ita tana sunkuye, babban yatsa na ta rawa a kan gilashi, sai can ta ɗago ta ce, "Au, Dogo, yaushe ka shigo?" Mijinta, bawan Allah direban motar asibiti, ya ci abinci mai ƙauri har ya ɗauka haka ake dafa shi. In aka ɗauke wuta, shagona take tahowa saboda janareta, ta zare injin askina ta soka cajarta, ta bar min mutum da rabin kai. Wata rana ma cewa ta yi in cire riga.

"Don me?"

"Haƙarƙari za mu yi gobe. Naka a fili suke, ba sai na wahala da zane ba."

Na cire, don ba a musu da ita a ci riba. Yau duk ɗalibin da ya wuce ƙofar shagona sai ya rusuna ya ce, "Ina wuni, Kawu Kwarangwal."

Ana cikin haka ƙaramin ɗanta ya yi wa wayarta wanka a bokitin wanki. Maimakon ta huta kwana biyu kamar mutane, sai ta ari tsohuwar wayar mijinta. Ita kuma wannan waya ba ta da haruffanmu masu ƙugiya, ƙa da ɗa da ɓa duk a miƙe take rubuta su. Darasin ƙasusuwa ne a gaba. Farfesa tana sauri, tukunya na kiranta, ta rubuta ta tura ba ta sake dubawa ba. Ga abin da ya fita:

"Gobe darasin kashi za mu yi. Kowa ya zo da kashi daga gida, na kaza ko na akuya ko na saniya. Busasshe nake so, kada a kawo mai danshi. A nade shi a leda. Za mu taba shi da hannu, mu auna, mu fasa mu ga abin da ke ciki."

Ku sake karantawa don Allah. Babu jimla ɗaya da ta zo ta cece ta.

Yawancin yara sun gane ƙashi take nufi, suka zo da shi. Wasu 'yan iskan bayan aji su ma sun gane sarai, amma suka ga dama ta samu, suka kawo ɗayan. Wadda abin ya fi shafa wata yarinya ce mai shiru-shiru da zazzaɓi ya hana zuwa makaranta a farkon makon. Babanta, mai sayar da taya a babban titi, shi ya karanta mata saƙon. Mutum ne da ba ya son 'yarsa ta zo ta baya a komai, don haka da kansa ya je garken maƙwabci ya zaɓo mata na saniya, faffaɗa, ya sa a leda biyu. Yarinya ta kwance ledar a kan tebur, aji ya fashe. Da kuka ta koma gida, ta ce ita da makaranta har abada.

Mai Taya ya dira ofishin shugaban makaranta da zafinsa. Shi kuwa shugaba dama ya daɗe yana cewa waya da karatu ba sa zama inuwa ɗaya. Ya kira taron iyaye, ya kuma gaya wa Farfesa tun kafin ranar: ko ta rufe shafin, ko ta mayar da shi Turanci zalla inda babu wata ƙugiya, in ta ƙi ya karɓe ajin ya ba wani. Ga jarrabawa ta matso, shafin nan kuma shi ne littafin yaran.

Ta shigo shagona ta zauna a benci ba ta ko nemi soket ba. Na ce, "Farfesa, akwai tantabaru a kan rufinmu, in tara miki nasu?" Ko harara ban samu ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai. Ranar taro na ɗauke ta a babur, na laɓe a taga don kada a ba ni labari.

Mai Taya ne ya fara miƙewa.

"Yallaɓai, ni da furfurata na tsuguna a garken mutane ina juya abu da kara, ina neman busasshe! Matar maƙwabci tana leƙe ta ɗauka na taɓu! 'Yata ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. A rufe wannan abu!"

Farfesa ta tashi ta ce, "Baba, kuskurena ne, ban duba ba na tura. Yarinyar ba ta yi laifin komai ba, umarnin malamarta ta bi. Zan ba ta haƙuri a gaban ajin da ya yi mata dariya."

Shugaba ya gyara tabarau. "Madalla. To an gama. Malama, daga yau ko a rufe, ko Turanci zalla."

Mai Taya da ya fara zama ya tsaya a rabi.

"Turanci kamar yaya, Yallaɓai? To maganar ƙoda fa? Ta tsaya a daidai inda za ta faɗi abin da ke kumbura ƙafa."

"Kai ina ruwanka da ƙoda? Na ɗalibai ne."

"Wayar ta wa ce?"

Wata uwa daga baya ta ce ita ma na hawan jini take jira a ƙarasa. Wani tsoho ya ce shi bai yarda da abin da aka rubuta a kan gishiri ba, na kusa da shi ya ce ai shi ya sa fuskarka ta zama haka. Wuri ya kaure. Ashe duk wayar da yaro ya zo ara, sai mai ita ya gama karanta darasin tukuna.

Farfesa ta riƙe ƙugu, ta manta a gaban shugabanta take.

"Ashe ku ne! Ina ta faɗa da yara a kan makara da aikin gida, ashe ku kuke riƙe wayar! Ni dai na yi mamaki, yarinya 'yar shekara goma sha shida tana tambayata me ya sa gwiwarta ke ƙara in za ta tashi daga zaune!"

Mai Taya ya kalli silin.

Shugaba ya buga tebur. "Ku tsayar da magana ɗaya! Ɗazu kun ce a rufe."

"A rufe na kashi," in ji Mai Taya, "a bar na ƙoda."

Haka aka tashi. An bar mata ajinta da shafinta da Hausarta, bisa sharaɗin kada ta sake tura ko kalma ɗaya sai wani ya karanta ta da ƙarfi a gabanta, kunnenta ya ji. Washegari ta ba yarinyar haƙuri a gaban aji, ta kuma ba ta jagorancin rukunin da zai rubuta darasin ƙashi da kansa. 'Yan bayan aji kuwa sun wanke tebura har sai da katako ya yi fari.

Ku tambaye ni wa aka ɗora wa karatun nan da ƙarfi. Duk garin nan, da malamai da ma'aikatan asibitin da mijinta ya sani, ba ta ga kowa ba sai ni. Kullum bayan an tashi daga makaranta sai ga ta, ta miƙo waya a kan kafaɗar wanda nake wa aski, in ajiye almakashi in yi ta tuntuɓe da jijiyoyi da ƙwayoyin jini, masu jiran layi na gyara min. In na tsaya na ce ban gane ba, sai ta fizge ta goge ta sake rubutawa, ta ce maimaita. Wani sa'in sau uku.

Jiya na gaji na ce, "Kai, duniya! Farfesa guda, mai shafi, mai takardu, yau ba ta iya tura harafi sai mai askin da ya tsaya a aji uku ya duba mata. Gobe sai ki sa a rubuta sunana a ƙofar ofis."

Ba ta ko ɗago ba, tana gyara wata jimla.

"Wa ya ce maka dubawa kake yi, Dogo? Gwaji nake yi da kai. In dai kai ka gane, to babu yaron da zai kasa ganewa a ajina. Karanta."